KACIYAR BABBAN MUTUM DA JINYARTA

Jawabin da malamin lakwal na garinmu ya yi gaban dattawa da ƴan cin rani a taron ƙungiya na bayan kaka. Mun buga shi yadda ya faɗa, don waɗanda ba su samu zuwa ba.



Maigari, Liman, iyayenmu dattawa, shugaban ƙungiya, yayyena da ƙannena da kunka zo daga Maradi, da Yamai, da Agadas, da Kano, sannunku da zuwa, barkanmu da ganin kaka lafiya. Kafin in ce komi ina neman gafara. Maganar da zan yi yau ba irin wadda ɗa yake yi gaban ubanshi ba ce. Na roƙi shugaba shi nemi wani, ya ce tunda ni na je na yi tambaya, ni zan faɗi abin da na jiyo. To, iyayena, ku yi haƙuri da ni. In kalma ta yi nauyi, ku san ciwo ne ya kawo ta.

Ni ba likita ba ne, kun sani. Alli da allo ne aikina. Abin da zan faɗa na same shi wurin ma'aikatan lafiya da na zauna da su, da cikin takardun Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke ce ma OMS, waɗanda na karanta da Faransanci. Maganar ita ce kaciyar babban mutum, da yadda ake jinyarta bayan an fito daga gidan likita.

Na ga wasu sun dubi juna. Na san abin da kuke cewa: mu nan ƙasar Tasawa da Mayahi wa ya rage ba a yi mishi kaciya ba? Dukanmu mun zauna kan rairayi cikin ɗari muna da shekara 7 ko 8, an sa muna kara tsakanin ƙafafu, an yanka muna kaza, mun fita da sabon bante. Haka ne. Ni ma haka nake tsammani har bara.

Bara, wajen ƙarfe 11 na dare, wani ɗan'uwanmu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ba zan faɗi sunanshi ba, ba zan faɗi unguwarshi ba, kuma kada kowa shi zo shi tambaye ni. Shi da kanshi ya yarda in ba da labarin bisa wannan sharaɗi. Magidanci ne, ya wuce shekara 45, da mata da yara. Ya shigo shina tafiya kamar mai ɗauke da tulu tsakanin ƙafafu, jikinshi zafi rau. Ya miƙo mini wata ƴar takarda da ta sha ninki, ya ce: "Mushe, karanta mini wannan, amma tsakanina da kai da Allah."

Ashe tun shina yaro kaciyarshi ba ta fita duka ba, an bar saura. Shekara da shekaru bai damu ba. Da ciwon suga ya kama shi can wurin cin rani, sai wurin ya riƙa kumbura shina tsagewa, in ya warke shi tsuke, har ya kai fitsari sai da ƙyar. Ya tafi wani gidan likita a ɓoye, anka yi mishi aiki, aiki kuwa ya yi kyau. Anka sallame shi ran nan da magani da takarda. Ya dawo gida ya ce ma iyali ciwon baya ne. Kwana 3 da aiki ya hau moto ya tafi kasuwa, don kada a ce mi ya hana shi zuwa. Kun san hanyoyinmu, rairayi da gargada. Kafin shi dawo ɗinki ya buɗe, jini ya jiƙa wando. Ya tuna abin da ya gani shina yaro, ya daka bagaruwa ya haɗa da toka ya barbaɗa. Jini ya tsaya, wurin ya rube.

Na buɗe takarda. Layi 3 ne kawai da Faransanci: shi komo bayan kwana 2 a kwance ɗauri, shi komo bayan kwana 7 a duba, kada shi sa komi bisa ciwon. An faɗa mishi da baki, ya ce, amma a lokacin hankalinshi na ga yadda zai fita ba wanda ya gan shi. Takardar kuwa kwana 9 tana cikin aljihunshi, shina wuce ƙofar lakwal safe da yamma, kunya ta hana shi nuna ta. A daren munka nemi mota. Ya kusa sati 3 a kwance. Ya sayar da rago da akuya 2, cin ranin shekarar ya wuce shi. Alhamdu lillahi, shina nan da ranshi. Aikin da bai kai sa'a guda ba, kunya ta mai da shi jinyar wata 2.

Da na fara tambaya sai na gane ba shi kaɗai ba ne. Akwai irinshi, waɗanda anka bar ma saura. Akwai masu ciwon suga, don fitsari mai suga shina jawo ƙaiƙayi da kumburi a wurin, fata ta yi tabo ta tsuke. Akwai wanda loɓa take komawa baya ta shaƙe kan gaba ta ƙi dawowa. Wannan ba a kwana da shi, a ranar ake zuwa likita. Akwai kuma baƙinmu da sunka musulunta da girmansu, abokan aikinku na Abijan, da Kwatano, da Lome, waɗanda wani lokaci ku ne kuke raka su. Liman na nan, shi gyara mini in na yi kuskure: ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya yi kaciya shina da shekara 80. To wane ne cikinmu ya fi shi girma har da zai ji kunya?

Wanzamanmu ina girmama su, su sunka yi muna, su sunka yi ma iyayenmu. Amma jikin babba ba jikin yaro ba ne. Jijiyoyin jini sun yi kauri, sai an ɗaure su ɗaya-ɗaya an ɗinke fata. Babba kuma gabanshi na tashi cikin barci, yaro ƙarami bai da wannan damuwa sosai. Saboda haka aikin babba na likita ne, da allurar kashe zafi da zare. Akwai babban gidan likita a Tasawa, akwai a Mayahi, abin da ya fi ƙarfinsu su tura Maradi. Mutum shi fara da manjo na kusa da shi, shi zai gaya mishi inda za shi.

Kafin aiki akwai abin da ya kamata likita shi ji daga bakinka. In kana da suga, ko kana yawan fitsari da ƙishirwa ba ka san dalili ba, faɗi, a auna, a saukar da shi tukuna, don ciwon mai suga ba ya saurin warkewa. In kana da sikila, faɗi. Abu na uku ku saurara da kyau, dattawa, don ku kuka san tarihin gidaje: akwai gidan da in namiji ya yanke jini ba ya tsayawa da wuri. Wannan ciwo ta wajen uwa yake biyowa. In ka taɓa jin wani kawunka, ko ɗan'uwanka da kuke uwa ɗaya, ya zubar da jini ranar kaciya har anka tsorata, to likita shi sani kafin shi ɗauki almakashi. Kuma ka tambayi allurar tetanos. Zan komo kanta.

Sai lokaci. In ba gaggawa ba ce, kada a yi da damina, ga noma ga laka. Kada a yi cikin bazara, watan 4 da na 5, zufa na zuba. Kakanninmu da sunka zaɓi ɗari sun san abin da suke yi. Sai dai ɗari shi ne lokacin da ku kuke ɗaure kaya. Nan matsalar take. Wanda zai yi, shi yi da zarar an gama ɗaurin hatsi, shi lissafa sati 6 kafin shi sayi tikitin mota. Kada mutum shi ce zai warke bisa kamyo tsakanin Tanut da Agadas.

Yanzu ga jinyar kanta.

Kwana 2 na farko a kwanta. Ɗaurin da likita ya yi, pansama ke nan, kada a taɓa shi, kada ruwa shi jiƙa shi. A sa ɗan wandon ciki na auduga mai tsabta wanda zai riƙe gaba shina duban sama wajen ciki. In an bar shi shina lilo kumburi ya fi yawa. Bisa wannan a ɗaura zane ko a sa jallabiya. Ɗan jini kaɗan da ya ɓata ɗauri ba komi ba ne. In ya fi haka, a sa tsumma mai tsabta a matse da hannu minti 10, ana duban agogo, ba ana ɗagawa ana leƙe ba. In bai tsaya ba, a kama hanya, ko tsakar dare ne.

Maganin zafi, wanda likita ya rubuta, yawanci parasetamol, yadda ya ce a sha. Aspirin kada a sha, shina tsinka jini. Maganin tire na kasuwa, wanda ya sha rana, da tramol da samarinmu sunka saba da shi wurin aikin ƙarfi, a bar su. Tramol ma wani mugun abu gare shi a nan: shina ɓoye zafi, mutum shi tashi shi ɗauki buhu, alhali zafin nan shi ne mai gaya mishi shi zauna.

Akwai masu ƙin shan ruwa don tsoron fitsari. Kuskure ne. Fitsarin wanda bai sha ruwa ba shi ya fi zafi. A sha ruwa da rana sosai, a rage in dare ya yi. Abinci kuwa babu wanda anka hana, sai mai suga da ke da tashi doka. Nama, ƙwai, wake, nono, zogale, duk suna gina jiki. Kazar da ake yanka ma ƴan kaciya hikima ce, babba ma a yanka mishi. Mai shan taba shi daure shi ajiye ta, tana jinkirta warkewa.

Ran kwana 2 a koma a kwance ɗauri. Daga nan kullum a wanke wurin a hankali da ruwan da anka tafasa ya huce. Na ce ya huce. Ruwan zafi da ake gasa ciwo da shi, irin na masu jego, a nan ƙuna kawai yake kawowa. A bar wurin shi bushe, ko a dangwala tsumma mai tsabta, kada a goga. A canza wandon ciki kullum, a wanke da sabulu a shanya a rana. Wurin zai kumbura, zai yi duhu-duhu, wani lokaci a ga wani abu fari-fari ko rawaya bisa bakin ɗinki. In babu wari, babu zazzaɓi, zafi kuma raguwa yake, wannan warkewa ce. Kan kaciya zai riƙa jin ko taɓawar tufa kamar ƙaya, sati 2 ko 3 ya saba. Zaren ɗinki yawanci mai narkewa ne, da kanshi yake zubewa cikin sati 2 zuwa 4. Kada a ja shi, kada a sa reza.

Ran kwana 7 a sake komawa, ko da mutum na jin garau. Aikin zama, kamar tsaron shago, ana iya komawa bayan ƴan kwanaki. Amma moto, da keke, da jaki, da raƙumi, da jan guga a rijiya, da ɗaukar buhu, sai likita ya duba ya ce to. Rijiyoyinmu na arewacin Mayahi kun san zurfinsu, ba wurin mai ɗinki ba ne.

Dare shi ne wahala, kuma shi ne abin da ba mai faɗi. Namiji lafiyayye gabanshi na tashi cikin barci ba da nufinshi ba, ɗinki shi ja, shi farka da zafi. Wannan ba ya ɓata aiki, kada a tsorata. A yi fitsari kafin a kwanta, a kwanta bisa gefe a naɗe gwiwa, in an farka a tashi a sake fitsari, zai kwanta.

To, iyayena, ku ƙara mini haƙuri, ga babbar magana. Sati 6 cur, kwana 42, babu kusantar iyali. Fata na iya rufewa a ido tun sati 3, amma ƙarƙashinta ɗanye ne, da an matsa sai ta tsage. Ku duba halin ɗan cin rani: wata 8 ba ya gida, ya dawo, ya yi aiki a ɓoye, ya shiga ɗaki ya juya ma matarshi baya bai ce komi ba. Mi za ta ce a ranta? Ko ya yi wata a can, ko ya kwaso ciwo, ko an yi mishi sammu. In mata 2 ne, ranar girki ta zo ta wuce, gida ya ɗauki wuta. Shi kuma don shi kashe wutar sai shi karya doka ran kwana 15, ciwo shi koma ɗanye. Duk wannan magana guda ce take maganinshi, a faɗa ma mace tun kafin a tafi likita. Matan da ke haihuwa suna jego kwana 40 muna jiransu, ba su ne za su kasa jiranmu kwana 42 ba. Ni a ganina, wanda bai iya gaya ma matarshi ba, bai shirya yin aikin ba tukuna.

Wannan lissafi na sati 6 ba daga kaina na ƙago shi ba. An san shi ne daga aiki bisa mutane masu yawa. A 2005 likitoci sunka ba da sakamakon wani bincike da anka yi a Orange Farm, Afirka ta Kudu, sannan wasu 2 sunka biyo, a Kisumu ta Kenya da Rakai ta Yuganda. Duka sun nuna kaciya na rage ma namiji haɗarin ɗaukar SIDA daga mace da wajen kashi 60 cikin 100. A 2007 OMS ta ba da shawara a yi ma manya kaciya a ƙasashen gabashi da kudancin Afirka inda ba al'adarsu ba ce. Daga 2008 zuwa 2019 an yi ma maza sama da miliyan 25. Nijar ba ta cikin wannan shiri, don mu kusan kowa da kaciyarshi. Amma abin da anka koya can game da jinya ya amfane mu. Kuma ku lura, ƴan'uwana matafiya, rage haɗari anka ce, ba a ce an toshe shi ba. Wanda ma ya kusanci mace da ɗanyen ciwo, ƙofa ya buɗe ma cuta, gare shi da gare ta.

Cikin wannan aiki ne kuma anka ga wasu sun mutu da tetanos, ciwon da ke sarƙe haƙora shi sandare jiki, har OMS ta yi gargaɗi a kai a 2016. Ƙwayar ciwon cikin ƙasa take zaune, da cikin kashin dabbobi. Ku dubi gidajenmu: turken awaki na nan, wurin kwana na nan. Toka, da ƙasar gara, da kashin shanu, da garin magani da anka shanya a tsakar gida iska na kaɗa mishi ƙura, duk hanya ce. Har ƙwayar kapso da wasu ke fasawa su zazzaga bisa ciwo, a bari. Matanmu suna samun allurar tetanos wurin awon ciki, mu maza tun ta yarinta, in ma an yi muna, ba mu sake ba. Ciwon kan fito tsakanin kwana 3 da sati 3 bayan ƙwayar ta shiga. In mai jinya ya ce muƙamuƙinshi ya yi nauyi, ko haɗiya na ba shi wuya, ko wuyanshi ya ƙage, kada a tsaya neman hayaƙi ana cewa iska ce. Likita, a sa'ar nan.

Sauran alamun da ba a jira da su: jini da ya ƙi tsayawa, fitsari da ya ƙi fita tun safe har azahar, mugunya mai wari, zazzaɓi, zafi da kumburi da ke ƙaruwa bayan kwana 3 maimakon su ragu, ko wurin shi yi baƙi. Wanda ya ga ɗaya cikin waɗannan ya tashi daga jinyar gida.

Wani dattijo ya tambaye ni zancen salla. Wannan fagen Liman ne, ba nawa ba. Abin da na sani shi ne addini ya yi sauƙi ga mai rauni, akwai shafa bisa ɗauri, akwai taimama, akwai salla a zaune. Mutum shi je shi tambaya tun kafin aiki. Abin da likita ya roƙa kawai, kada a yi tsarki da dutse ko da ƙasa a wannan lokaci, kuma ruwan butar shi zama mai tsabta.

Shugaba, ga roƙona ga ƙungiya, a duba kafin a watse. Na ɗaya, asusunmu da muke taimakon mai rasuwa da mai gobara, a yarda mai jinya irin wannan shi ranci kuɗin mota na komawa likita sau 2, ba sai ya faɗi ciwonshi gaban taro ba; ma'aji da mutum guda sun isa. Na biyu, ƴan'uwanmu mazauna Tasawa da Mayahi da Maradi, wanda ke da shago ko zaure shi ba da wurin kwana na sati guda, don mai ɗinki kada shi sha gargadar hanya ran da anka yi mishi aiki. Mutum 2 sun riga sun ce mini sun yarda. Na uku ya shafe ni. Duk wanda likita ya ba takarda da Faransanci, kowace iri ce, shi kawo mini lakwal bayan an tashi yara, ƙarfe 6 na yamma, ko gida bayan isha'i. Zan karanta mishi, in mai da mishi takardarshi, ba mai ji daga bakina. In ba na nan, abokin aikina mai aji 5 ya ɗauki wannan alkawari shi ma.